RANAR DA ƊAUKEWAR WUTA TA CECI BABBAN KAMFANIN JIRAGEN RUWA

Duk wanda ke neman abincinsa a kasuwar Mile 12, ko a zangon Agege a Ikko, ko a Sabo ta Badun, ya san kalmomin nan biyu da kan tsayar da ciniki cak, watau "ba sabis." An yi ciniki an sallama, mai saye ya zaro kati ko waya, sai na'ura ta ƙi. Ga kwandon tumatir a rana, ga direban da ya kawo kaya daga Arewa yana jiran kuɗin mota, shi kuwa mai POS sai ɗaga na'ura sama yake yi kamar mai duban wata.

Yawancin jama'a kan ɗora laifin a kan na'urar da ke hannu. Amma kuɗin ba a cikinta yake ba. Ita saƙo kurum take kaiwa. Lissafin kuɗin yana can cikin wasu manyan kwamfutoci da ma'aikata ke kira saba, a wani ɗaki da mai ajiya ba zai taɓa gani ba, a hannun wasu mutane da bai san ko sunansu ba.

MECE CE SABA?

Saba kwamfuta ce wadda aikinta shi ne ta yi wa sauran kwamfutoci hidima. Tana kama da rumbu a tsakar gida: kowane ɗaki da tukunyarsa, amma hatsin wuri ɗaya ake ɗebo shi. Banki yana da sabar da ke riƙe da lissafin masu ajiya. Kamfanin jiragen ruwa yana da wadda ta san abin da ke cikin kowace kwantena da inda za ta. Asibiti, da kwastan, da kamfanin waya, kowa da tasa.

Ana jera su ne cikin akwatunan ƙarfe masu hawa-hawa, a ɗaki mai sanyi dare da rana, domin zafi yana kashe su. Akan tanadi batura da za su riƙe su daidai lokacin da wuta ta ɗauke, kafin janareta ya tashi. Babban kamfani kuwa yakan mallaki dubbansu a ƙasashe daban-daban, duka a haɗe da juna.

Masu kula da su ba a cika ganinsu ba. Idan kome na tafiya daidai ba mai tunawa da su. Kamfanin da ya yi alkawarin cewa sabarsa za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na shekara, abin da ya rage masa na hutu da gyara da tsautsayi duka bai kai awa 9 ba a cikin wata 12. Ana sanin darajar waɗannan ma'aikata ne ranar da aiki ya ɓaci, kamar yadda ya faru ga kamfanin Maersk a shekarar 2017.

GOBARA DAGA KOGI

Sunan Maersk ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa bin hanyar Apapa. Shi ne a rubuce jikin kwantenonin nan masu farin tauraro da tireloli ke ja. Hedkwatarsa tana Kopenhagen ta ƙasar Danmak, kuma reshensa mai suna APM Terminals ya karɓi tafiyar da tashar kwantena ta Apapa a shekarar 2006. A 2017 kamfanin yana da ofisoshi a ƙasashe 130, da hannu a tashoshin jiragen ruwa 76, da jirage kusan 800. A wancan lokaci, kimanin kashi 1 cikin 5 na kayan da duniya ke aikawa a kwantena shi ke ɗauka.

Ran Talata 27 ga watan Yuni, 2017, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah, sai ma'aikatan kamfanin suka ga kwamfutocinsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. In kwamfuta ta sake tashi, sai wani jan rubutu ya fito a baƙin allo, yana cewa an kulle duk abin da ke ciki, sai an biya dala 300 da kuɗin intanet da ake kira bitcoin kafin a buɗe.

Asalin abin kuwa daga Yukren ne, wadda tun 2014 take cikin rikici da Rasha. A can akwai wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, wadda galibin kamfanonin da ke hulɗa da ƙasar suke aiki da ita. Kamfanin da ya yi ta yakan aika wa masu amfani da ita gyare-gyare ta intanet lokaci-lokaci, su kuwa kwamfutoci sukan karɓa ba tare da tambaya ba, don daga wurin amini saƙon ya fito. Masu kutse suka shiga sabar wannan kamfani a ɓoye. Bincike ya nuna cewa tun watan Afrilu suke cusa nasu abin cikin gyare-gyaren, ba wanda ya farga. Ran 27 ga Yuni, ana jajibirin hutun ranar tsarin mulkin Yukren, suka saki muguwar manhajar da daga baya aka laƙaba wa suna NotPetya.

Maersk yana da ofis a Odesa, garin da ke bakin teku a Yukren. A wannan ofis akwai kwamfuta mai ɗauke da M.E.Doc. Ta nan gobarar ta shiga.

YADDA CUTAR TA YAƊU

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga biyu NotPetya ta bi.

Ta farko wata kafa ce a cikin manhajar Windows. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta ƙera wani makami mai suna EternalBlue don bin wannan kafa, sa'an nan wasu da ke kiran kansu Shadow Brokers suka watsa shi a intanet a watan Afrilu na 2017. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin toshe kafar tun watan Maris. Amma fitar da faci daban, liƙa shi daban. A watan Mayu ma wata cutar mai suna WannaCry ta bi wannan kafa ta gurgunta asibitoci da yawa a Ingila, duk da haka kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya suka ci gaba da zama ba faci.

Ta biyu kuwa satar kalmar sirri ce. Wani Bafaranshe mai suna Benjamin Delpy ya ƙera wani kayan aiki, Mimikatz, a 2011, don ya nuna cewa Windows takan bar kalmomin sirrin ma'aikata a inda za a iya tsince su. NotPetya ta ɗauki wannan dabara. In ta shiga kwamfutar da ba ta da faci, sai ta tsinci kalmar sirrin wani babban ma'aikaci, ta yi amfani da ita ta buɗe sauran kwamfutocin, har da waɗanda aka yi wa faci. Watau ɓarawo ya shiga ta tagar ɗaki ɗaya, ya tarar da makullan gidan duka a rataye.

Maganar dala 300 kuma yaudara ce. An ƙera cutar ne yadda ba za a iya buɗe abin da ta kulle ba, ko an biya. Adireshin da aka bayar don tuntuɓar masu kutsen ma, kamfanin Jamus da ke riƙe da shi ya rufe shi a ranar. Ɓarna aka zo yi, aka sa mata rigar neman kuɗi.

KAMFANI YA MAKANCE

Ma'aikatan Maersk sun yi ta gudu ofis-ofis suna cire wayoyin kwamfuta daga bango, amma cutar ta riga su. Kafin a gama katse hanyoyin sadarwar kamfanin a duniya, yawancin kwamfutocin sun tafi. Har wayoyin tebur sun daina aiki, domin su ma ta saba suke bi.

Jiragen da ke kan teku ba abin da ya same su. Matsalar a ƙasa take. Tashoshi 17 cikin 76 suka tsaya, daga Rotadam ta Holan zuwa Mumbai ta Indiya da tashar Elizabeth kusa da New York. Ƙofar da tirela ke shiga kwamfuta ke buɗe ta. Injin ɗaga kaya kwamfuta ke gaya masa wace kwantena zai ɗauka. Jirgi ya iso da kwantena dubbai, ba wanda ya san wacce ke ɗauke da nama mai bukatar sanyi, wacce ke ɗauke da taya. A Elizabeth tireloli suka yi layi mai nisan gaske, har 'yan sanda suka riƙa sallamar direbobi. Duk direban da ya taɓa kwana a kan gadar Ijora yana jiran shiga Apapa ya san irin wannan zama.

Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin a lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron Davos na watan Janairu 2018 cewa kowane minti 15 akwai jirginsu da ke shiga wata tasha da kwantena 10,000 zuwa 20,000, ga shi kuwa sun yi kwana 10 ba kwamfuta. Ma'aikata suka koma takarda da biro, suna karɓar odar kaya ta WhatsApp da wayoyinsu na kansu.

WANI HANIN GA ALLAH BAIWA NE

Aka tara ɗaruruwan ƙwararru a ofishin kamfanin da ke Maidenhead, yamma da Landan, suna aiki dare da rana. Suka duba suka ga yawancin sabobin suna da kwafin ajiya da za a iya dawo da su. Abu ɗaya ne babu.

A kowane babban kamfani akwai wata saba ta musamman mai riƙe da rajista: sunan kowane ma'aikaci, da kalmar sirrinsa, da ɗakin da aka yarda ya shiga. Ita ce kamar sarkin ƙofa. In babu ita, sauran sabobin ko sun tashi ba su san wa za su buɗe wa ba. Maersk yana da irinta kimanin 150 a faɗin duniya, kowace tana kwafar 'yar'uwarta a kai a kai. Dabarar ita ce in ɗaya ta mutu sauran suna nan. Ba a yi tanadin ranar da za su mutu gaba ɗaya ba, kuma abin da ya faru ke nan.

Aka shiga buga waya ofis-ofis, ƙasa-ƙasa, ana cigiyar ko guda ɗaya ta tsira. Mujallar Wired ta Amurka, wadda ta bi diddigin labarin a 2018, ta ce an same ta ne a wani ofishin kamfanin a Ghana. Dalilin tsirarta kuwa shi ne an ɗauke wuta kafin harin, sabar ta mutu, ba ta kuma koma kan layi ba har cutar ta gama ɓarnarta ta wuce.

Samun ta bai kawo ƙarshen wahala ba. Intanet ɗin ofishin ba shi da ƙarfi, aika bayanan zuwa Ingila zai ɗauki kwanaki. Aka ce to wani ya hau jirgin sama da faifan, sai aka tarar ba mai bizar Ingila a cikinsu. Bisa ga labarin mujallar, sai wani ma'aikaci ya taso daga Ghana zuwa Nijeriya, ya miƙa faifan ga wani abokin aikinsa a filin jirgin sama, shi kuma ya yi tafiyar awa 6 da rabi zuwa Landan da shi. Wasu manyan jami'an kamfanin da suka ba da labarin daga baya sun ce a Ikko ne sabar take. Labaran biyu dai sun haɗu a kan cewa a Afirka ta Yamma ne, kuma ɗaukewar wuta ce ta cece ta. Abin da kowa ke tsine wa kullum, shi ne ya yi rana.

Da wannan faifai aka soma tayar da kamfanin. Snabe ya ce cikin kwana 10 sun sake ɗora manhaja a kan saba 4,000, da kwamfutoci 45,000, da manhajojin aiki 2,500, aikin da a ka'ida zai ci wata 6.

ASARAR DA AKA YI

Maersk ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ba shi kaɗai ba ne. Kamfanin magunguna na Merck ya yi asarar kimanin dala miliyan 870. FedEx, ta hannun reshensa na TNT Express, kimanin miliyan 400. Masana'antar cakulan ta Cadbury da ke can tsibirin Tasmaniya a Ostareliya ita ma ta tsaya. A Yukren kanta bankuna, da filayen jiragen sama, da ofisoshin gwamnati sun durƙushe, har ma'aikatan Chernobyl suka koma auna tururin nukiliya da hannu. Wani jami'in fadar shugaban Amurka ya ƙiyasta jimlar ɓarnar da fiye da dala biliyan 10.

A watan Fabrairu na 2018 gwamnatocin Amurka da Ingila suka ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha. A watan Oktoba na 2020 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi jami'ai 6 na hukumar leƙen asirin sojan Rasha, GRU, da wannan hari da wasunsa. Rasha ta musanta.

Har kamfanonin inshora rigimar ta shafa. Sun ƙi biyan Merck, suka ce wannan ɓarnar yaƙi ce, ba ta cikin yarjejeniya. Kotuna a jihar New Jersey suka ba Merck gaskiya, aka kuma sasanta a farkon 2024.

AIKIN MASU GADIN SABA

Wannan labari ya zama darasin da ake koya wa masu kula da saba a ko'ina, domin kowane sashe nasa yana nuna wani aiki da ke wuyansu.

Na farko shi ne faci. Kullum ana gano sabbin kafofi, kullum ana fitar da abin toshe su. Wahalar ita ce liƙa faci yakan bukaci a kashe saba na ɗan lokaci, manaja kuwa ba ya son aiki ya tsaya, sai a yi ta cewa gobe. Mujallar Wired ta ce a lokacin harin wasu sabobin Maersk suna kan Windows 2000, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 2010, kuma tun 2016 ma'aikatan tsaro suka kawo shawarar gyara, aka amince, amma ba a aiwatar ba. 'Yan sandan Yukren da suka kwashe sabobin M.E.Doc a farkon watan Yuli na 2017, hukumomin ƙasar sun ce rabon da a sabunta su tun 2013.

Na biyu shi ne katanga. Ba daidai ba ne kwamfutar akawu a Odesa ta iya kaiwa ga sabar da ke buɗe ƙofa a Amurka. Ana raba kamfani sashe-sashe, a bar ƙofa ƙarama mai gadi tsakaninsu, yadda in wuta ta kama rumfa ɗaya ba za ta cinye kasuwa ba.

Na uku shi ne makullai. Kowane ma'aikaci a ba shi na ɗakin da aikinsa ya shafa kurum. Masu riƙe da manyan makullai su zama kaɗan, kuma kalmar sirri kaɗai kada ta isa, sai an haɗa da wata lamba ta biyu da ke zuwa ta waya. Bayan harin Maersk ya shimfiɗa wannan tsari ga ma'aikatansa.

Na huɗu shi ne ajiya. Ka'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Bayan NotPetya aka ƙara jaddada cewa lalle wani kwafin ya kasance a katse daga layi gaba ɗaya. Abin da ɗaukewar wuta ta yi bisa tsautsayi, yanzu da gangan ake yin sa. Sa'an nan a riƙa gwada kwafin, don kada sai ranar bukata a buɗe rumbu a tarar gara ta gama da shi.

Na biyar shi ne sa ido. Kowace saba tana rubuta duk abin da ya faru a cikinta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, daga ina, me ya taɓa. Manyan kamfanoni suna da ɗaki na musamman inda ma'aikata ke karɓa-karɓa awa 24 a gaban alluna, suna duban zafin injuna, da cikar faifai, da baƙon motsi. In akawun da ke tashi aiki ƙarfe 5 na yamma ya bayyana yana shiga ƙarfe 3 na dare daga wata ƙasa, ƙararrawa za ta buga. Masu kutsen M.E.Doc sun yi fiye da wata 2 suna shige da fice a gidan da ba mai duba littafin ƙofa.

HALIN DA AKE CIKI A NIJERIYA

Ba kowane "ba sabis" ne hari ba. Wani lokaci cunkoso ne, kamar yadda aka gani a farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya tura jama'a ga tiransifa fiye da abin da sabobin bankuna suka saba ɗauka. Wani lokaci hanya ce ta yanke, kamar ran 14 ga Maris, 2024, a farkon azumi, da manyan wayoyin intanet 4 na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa suka kasa biyan bukatar masu ajiya. Amma dukansu aikin mutanen nan ne na ɗakin sanyi su hango su, su yi musu tanadi.

Hukuma ma ta sa hannu. An kafa dokar hana laifuffukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024, inda aka wajabta kai rahoton hari cikin awa 72. Akwai cibiyar ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wadda ke karɓar irin wannan rahoto. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ka'idojin tsaron kwamfuta ga bankuna a 2018, ciki har da naɗa babban jami'i mai kula da wannan fanni. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a.

ABIN DA YA SHAFI MAI KARATU

Mai sayar da albasa ko ɗan canji ba shi da saba, amma wayar da ke aljihunsa ƙofa ce ta shiga ajiyarsa, kuma ka'idojin ba su canza ba. In waya ta nemi a sabunta ta, facin ke nan, a bar ta ta yi. Lambar sirri ta kati da lambar nan da banki ke aikowa makullai ne, banki ba ya buga waya ya tambaye su, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da ya ambaci sunan mutum da na mahaifinsa. Saƙon shigar kuɗi shi ne littafin ƙofa, a riƙa duba shi, kuma kada a saki kaya don an ga hoton rasit a wayar mai saye, sai kuɗi ya bayyana a ajiya. Lissafin bashi da lambobin abokan ciniki kuwa, wanda ya bar su a waya kaɗai ya tuna da Maersk, ya sayi littafi da biro.

Akwai kuma maganar yara. Bankuna da kamfanonin waya da manyan ɗakunan saba na ƙasar nan yawancinsu a Ikko suke, kusa da inda 'yan Arewa da dama ke gadin ƙofa. Gadin da ake yi a ciki shi ma sana'a ce da ake koyo, kuma yaron da ya gama sakandare yana da kai zai iya soma ta. Uban da ya shekara 20 yana riƙe da makullin get, ba abin da zai hana ɗansa riƙe na saba in an sa shi a hanya. Allah ya kiyaye dukiyar jama'a, ya ba mai nema sa'a.